Kwana Uku Ba Lasisin Shan Burkutu Ba Ne

 

Ya ɗan'uwa mai karatu: a kakar da ta gabata, lokacin yankan dawa, na bi ta wata gona a bayan garinmu Mahuta da hantsi, sai na tarar da 'yan ƙwadago biyar a gindin ɗorawa suna hutawa, ga jarka a tsakiyarsu, ƙwarya tana zagayawa daga hannu zuwa hannu. Tun kafin in yi sallama hancina ya riga ya ba ni labari. Abin da ya sa ƙafata ta yi nauyi shi ne, ɗaya daga cikinsu yaro ne da ni na koya masa alwala da salla a Islamiyya. Bai ɓoye ƙwaryar ba, bai ma sunkuyar da kai ba. Cewa ya yi: "Allah gafarta Malam, ai wannan ba giya ba ce. Sabo ne, daren jiya aka haɗa shi. Malam wane ya faɗa a majalisi cewa abu ba ya zama giya sai ya cika kwana uku, har hadisi ya kawo."

Na so in ɗauka ƙage yaron ya yi wa malamin. Da na bincika sai na samu lallai an faɗi maganar, a bainar jama'a, kuma ta riga ta shiga ƙauyuka da ƙafarta. Ba zan kama sunan mai maganar ba, domin ba mutuncinsa nake nema ba. Maganarsa nake nema, ita kuwa tun da ta fito fili, dole raddinta ma ya fito fili.

Hadisin da ya kawo ingantacce ne, babu mai ja. Imamu Muslim ya ruwaito daga Abdullahi ɗan Abbas (R.A.) cewa ana jiƙa wa Manzon Allah (S.A.W.) zabibi a ruwa, ya sha a ranar, da kashegari, har zuwa yammacin rana ta uku, abin da ya saura kuma ya ba hadimi ko ya sa a zubar. Wannan jiƙon shi Larabawa suke kira nabizu. To, amma a cikin littafin nan dai, ba da nisa ba, akwai ruwayar Nana A'isha (R.A.) cewa suna jiƙawa da safe a cikin salka ya sha da dare, su jiƙa da dare ya sha da safe. Me ya sa malaminmu ya ga na farkon bai ga na biyun ba? Kuma me ya sa a nan wuni ɗaya, a can kwana uku? Amsar wannan tambaya ita ce duk abin da muke jayayya a kansa, kuma zan fara nemo ta daga inda mai karatu bai yi zato ba, wato daga bakin masu dafa giyar da kansu. Ba don in koya wa kowa mugunyar sana'a ba, wal'iyazu billahi, sai don shaidar mai abu a kan abinsa ta fi ta kowa ƙarfi.

Abin da ke mayar da ruwa mai zaƙi ya zama giya wata halitta ce mai rai, ƙanƙanuwa ƙwarai, ido ba ya ganinta sai da madubin likita. Ita ce yis, wanda matanmu suka sani a ƙullun waina da fanke, masu gidan burodi kuma suke saye da kwali. Yana nan a iska, da jikin hatsi, da ɓawon 'ya'yan itace, da cikin tsagar tsohuwar randa. Abincinsa sukari. In ya ci, sai ya fitar da abu biyu: iska mai sa kumfa, da sinadarin da ke sa maye. Wani masani Bafaranshe, Louis Pasteur, shi ya tabbatar da cewa wannan aikin halitta mai rai ne, a wajajen shekarar 1860. A 1883 kuma wani mai suna Emil Hansen, a ɗakin binciken kamfanin giya na Carlsberg da ke ƙasar Denmak, ya ware ƙwaya ɗaya tak ta yis ya rene ta har ta zama iri tsantsa. Tun daga nan renon yis ya zama fanni mai zaman kansa, da litattafansa da malamansa.

Giyar kwalba da ake gani a Sabon Gari, irin su Star da aka fara yi a Ikko a 1949, sunan jinsinta laga, kalma ce ta Jamusanci mai nufin ajiya. An kira ta haka ne don a da a cikin koguna masu sanyi ake ajiye ta wata da watanni a yankin Bafariya na Jamus. Yis ɗin laga ɗan sanyi ne. Yana aikinsa tsakanin digiri 8 zuwa 13 a ma'aunin zafi, inda yake ɗaukar mako ɗaya zuwa biyu, sa'an nan a ajiye giyar a sanyin da ya kusa daskarar da ruwa na wasu makonni. Tsananin kulawarsu da zafi ya kai har a 1553 mai mulkin Bafariya ya kafa doka ya hana dafa giya daga 23 ga Afrilu zuwa 29 ga Satumba, domin sun lura ta lokacin zafi lalacewa take yi. Kai, injin sanyaya abu ma, kakan firjin da ke gidajenmu, masu giyar birnin Miyunik suna cikin na farko da suka zuba kuɗi aka ƙera shi a shekarun 1870.

A Amurka, inda gwamnati ta halatta wa mutane dafa giya a gida tun 1978, masu wannan aiki suna da wata mas'ala da suke tafka muhawara a kanta kamar yadda malaman fiƙihu suke yi a kan ƙabalu da ba'adi. Kafin mutum ya haɗa giyarsa, sai ya fara renon irin yis a cikin 'yar kwalba da ruwan tsiro, kwana ɗaya ko biyu, don ya hayayyafa, domin laga tana bukatar yis kusan ninki biyu na sauran giya. To, a wane zafi za a ajiye kwalbar? Wasu suka ce a digiri 10, don irin ya saba da sanyin da zai yi aiki a ciki. Mafi yawansu suka ce a'a, a bar shi a zafin ɗaki, wajen digiri 20 zuwa 22, domin a wannan mataki yawan ƙwayoyi ake nema ba ɗanɗano ba, yis kuwa ya fi saurin haihuwa a ɗumi. Ka ji fa! Mutum yana neman abin da zai gusar masa da hankali, amma ya sayi ma'auni yana lissafin digiri ɗaya ɗaya. Mu kuwa da aka ɗora wa tsare hankali, malaminmu yana ƙirga kwanaki da yatsu, bai taɓa tambayar a wane wata ne ba, a cikin wane mazubi, a inuwa ko a rana.

Abin da nake so mai karatu ya riƙe daga wannan zagaye shi ne: babu wani mai dafa giya a duniya da zai gaya maka adadin kwana ba tare da ya gaya maka adadin zafi ba. Aikin da yis yake yi a mako biyu a cikin kogon Bafariya, a kwanaki kaɗan yake gama shi a zafin ɗaki. Masana suna ƙiyasta cewa duk ƙarin digiri 10 yana kusan ninka saurin irin wannan aiki, har a kai iyakar da zafi zai fara kashe halittar. To, ina ga ƙasar Funtuwa da Malumfashi, inda a Maris da Afrilu zafin rana yake haura digiri 35, wata rana ya taɓa 40? Ƙasarmu ba ta bukatar kogo ko injin. Allah Ya yi ta a daidai zafin da yis ya fi so, tun daga safiya har dare.

Yanzu mu dawo gida, mu ga abin da ke cikin jarkar yaran nan. Duk wanda ya tashi a wannan yanki, inda muke maƙwabtaka da Maguzawa tun kaka da kakanni, ya san burkutu ba a wuni ɗaya ake yin ta ba. Ana jiƙa dawa, a shimfiɗa ta a rufe har ta yi tsiro. Tsiron nan shi ne sirrin, domin shi ke narkar da sitacin hatsi ya koma sukari. A shanya, a niƙa, a dama, a dafa, a bari ya yi tsami, a sake dafawa na sa'o'i. In ya huce, sai a kawo ragowar tsohuwar burkutu a zuba a ciki. Wannan ragowar ita ce irin, ita ce daidai da 'yar kwalbar Ba'amurken nan. Mai burkutu ba ta da ma'auni, amma tana da yatsa. Ta san in ta zuba irin da zafi zai mutu, in ta bari ya yi sanyi ƙalau aiki zai yi nawa, ta kuma san randar da take tashi a dare ɗaya da bazara, da hunturu sai an lulluɓe ta an ƙara mata lokaci. Daga zuba iri zuwa sayarwa dare ɗaya ne ko biyu. Masu bincike da suka auna burkutu sun samu sinadarin mayen da ke cikinta yana kaiwa kashi 3 zuwa 6 cikin 100. Na giyar kwalba kuwa wajen kashi 5 ne. Ina bambancin? Sai dai ita wannan tana da takarda a jiki, waccan kuwa tana da kauri da dusa.

Saboda haka da yaron ya ce mini "daren jiya aka haɗa shi", gaskiya ya faɗa, sai dai bai san abin da gaskiyar take nufi ba. Daren jiya aka zuba iri. Dawar kuwa ta fi mako tana kan hanya. Ko da lissafin malamin nasa za a bi, kwana ukun sun wuce tun tuni. Kuma ina alaƙar wannan da nabizun gidan Annabi (S.A.W.)? Can 'yan ƙwayoyin dabino ko zabibi ake jefawa a ruwan sanyi don ya yi daɗin sha. Ba tsiro, ba dahuwa, ba iri, kuma ba wanda yake jiran kumfa, gudun kumfar ma ake yi. Nan kuwa kowane mataki, tun daga jiƙo har zuwa lulluɓe randa, an tsara shi ne don a samu maye. In ba ta tashi ba, mai ita asara take kira, ba wanda zai ba ta ko sisi.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne, duk wannan bayani na zafi malamanmu na Musulunci sun riga sun yi shi, a cikin sharhin hadisin nan da aka kafa hujja da shi. Imamun Nawawi, wanda ya rasu a shekara ta 676 bayan Hijira, kusan shekara 600 kafin Pasteur, da ya zo haɗa ruwayar Ibnu Abbas da ta Nana A'isha a sharhinsa na Muslim, ya kawo cewa mai yiwuwa ta A'isha a lokacin zafi ce, sa'ad da ake tsoron jiƙon ya lalace in ya wuce wuni, ta Ibnu Abbas kuwa a lokacin da ake da amincin ba zai canja ba kafin kwana uku. Ya kuma bayyana cewa ba wa hadimi yana kasancewa ne in babu alamar canji, zubarwa kuma in alamar ta bayyana, domin ba zai yiwu Annabi (S.A.W.) ya shayar da hadiminsa abin maye ba. Nawawi bai taɓa ganin ƙwayar yis ba, bai san digiri ba, amma ya san hukunci yana rataye ne da canjawar abin, canjawar kuwa tana bin zafi. Kwana uku rufi ne da ba a hayewa ko da sanyi ake, ba ƙofa ba ce da aka buɗe aka ce duk abin da ke ƙasa da ita halal ne. Da malamin ya duba ƙasan shafin da ya ciro hadisin, da ya hutar da mu.

Akwai kuma hadisin da ya yanke gardama, wanda Abu Dawuda da Nasa'i suka ruwaito daga Abu Huraira (R.A.). Ya san Manzon Allah (S.A.W.) yana azumi, sai ya tanadar masa nabizu a cikin duma don buɗa baki. Da ya kawo sai ga shi yana tsiyayar kumfa yana ƙara. Annabi (S.A.W.) bai tambaye shi kwana nawa ya yi ba. Umurtarsa ya yi ya watsar da shi a jikin bango, ya kuma siffanta shi da abin shan wanda bai yi imani ba. Daga nan malaman fiƙihu suka ɗauki alamominsu: tafasa ba tare da wuta ba, kumfa, ƙara, da kaifin da ke harbin hanci. Ina roƙon mai karatu, in ya taɓa wucewa ta kusa da randar burkutu ranar kasuwa, ya gaya mini wace ce daga cikin alamomin nan huɗu ba ta cika ba.

In kuma aka ce ai hamru ta inabi ce, dawa kuwa abinci ce, to wannan ma an riga an tambaya, an kuma amsa. Muslim ya ruwaito daga Jabir (R.A.) cewa wani mutum ya zo daga Jaishana ta ƙasar Yaman, ya tambayi Annabi (S.A.W.) game da wani abin sha da suke yi a ƙasarsu da zura, ana kiransa mizru. Zura ita ce dawa. Wato burkutu ke nan da sunanta na Larabci. Tambaya ɗaya Annabi (S.A.W.) ya yi masa, ko tana sa maye. Ya ce tana sawa. Sai ya haramta ta, ya haɗa da duk abin da ke sa maye, ya kuma ambaci azabar da aka yi wa mai shanta alkawari. Sayyidina Umar (R.A.) ya hau mumbari ya lissafa abubuwa biyar da ake yin giya da su lokacin da aka saukar da haramcin, ya haɗa da alkama da sha'ir, sa'an nan ya bayyana cewa duk abin da ya lulluɓe hankali shi ne hamru. Wanda kuma ya ce shi ƙwarya ɗaya ba ta bugar da shi, hadisin Jabir da ke cikin Abu Dawuda da Tirmizi ya rufe masa hanya, domin ya haramta kaɗan ɗin duk abin da mai yawansa yake bugarwa. Na san za a iya gudu a fake da maganar wasu malaman Kufa da suka sassauta a kan ɗan abin da bai kai ga maye ba na nabizu. To, Muhammadu ɗan Hasan, almajirin Abu Hanifa, ya saɓa a kan haka, kuma da maganarsa malaman Hanafiyya na baya suka yi fatawa. Balle ma abin mamaki ne mutumin da kullum yake tuhumarmu da barin mazhabar Malik, yau a gan shi ya tsallake Madina ya tafi Kufa neman mafaka saboda jarka.

Malik ɗin ma ya fi kowa tsanani a nan. Lokacin da tawagar Abdul Ƙaisi ta zo Madina, Annabi (S.A.W.) ya hana su yin jiƙo a cikin mazubai huɗu: duma, da tulu mai shafe, da kututturen dabino da aka fafe, da mazubin da aka shafe da kwalta. Malamai sun ce dalili shi ne jiƙo yana saurin tashi a cikinsu mai shi bai sani ba, saɓanin salkar fata. Daga baya an sassauta hanin, da sharaɗin kada a sha abin maye, amma Malik ya ci gaba da ƙin biyu daga ciki, duma da mai kwalta, kuma Ibnu Abi Zaidin ya kawo hanin a Risala, littafin da kowane almajirin zaure a ƙasar Katsina ya bi ta kansa. Subhanallah! Shari'ar da ta damu da irin ƙwaryar da za a jiƙa dabino a ciki, ita ce za a ce ta halatta randar da aka yi shekara goma ana renon iri a cikin tsagarta?

A nan ina so in juya ga iyayenmu mata da 'yan'uwanmu mata, domin wannan ilmi ya shafi ɗakin girki fiye da yadda ya shafi majalisi. Kunun zaƙi halal ne, abinci ne mai albarka, kuma sana'a ce da ta riƙe gidaje da yawa. Amma ku sani shi da burkutu hanya ɗaya suka ɗauko, a mararraba suka rabu. Tsiro ko dankalin da ake sawa don ya yi zaƙi, aikin da yake yi shi ne mayar da sitaci sukari, sa'an nan a ƙara sukarin kanti a kai. Tsamin da yake yi na dare ɗaya ba na yis ba ne, na wasu ƙwayoyi ne dabam, irin waɗanda ke mayar da madara nono, kuma ba ya sa maye. Shi ya sa babu mai cewa komai a kan nono da koko da fura. Sai dai yis yana nan a gefe yana jira. In aka ɗura kunu ko zoɓo mai sukari a robar lemo, aka toshe, yarinya ta ɗauka tana yawo da shi a tasha cikin ranar Afrilu ba ƙanƙara, ya kwana, ya sake wuni, to ga abinci, ga zafi, ga rufaffen mazubi. Robar da ta kumbura ta yi tauri, in an buɗe ta yi tsaki ta yi kumfa, ta shiga layin duman Abu Huraira. Ban ce duk wadda ta sayar da kwantan kunu ta sayar da giya ba, Allah Ya tsare ni da faɗin abin da ban auna ba. Na ce dai alamar da aka umurce mu mu zubar in mun gani, ita ce wannan. A dama daidai abin da zai ƙare a wuni, a ajiye a sanyi, a wanke mazubi da ruwan zafi, abin da ya tashi kuma a haƙura da shi. Asarar roba biyar ta fi sauƙi.

Kada kuma wani mai zafin kai daga cikinmu ya karanta wannan ya tafi ya haramta burodi. Na ji an fara, har wani ɗalibi ya daina shan shayi da shi. Wannan ma jahilci ne, ya dai sa farar riga. Yis shi kansa ba giya ba ne, halittar Allah ce mai tsarki, kamar yadda inabi ba giya ba ne. Gaskiya ne yana fitar da ɗan sinadarin maye a cikin kwaɓin fulawa, amma yis yana mutuwa tun zafi bai kai digiri 60 ba, sinadarin yana tashi ya bi iska daga digiri 78, tanderun burodi kuwa yana kaiwa 200. Ɗan burbushin da zai saura, ko mutum ya cinye kanta guda ba zai yi layi ba. Annabi (S.A.W.) da sahabbansa sun ci gurasa, sun kuma yi miya da hallu, wanda asalinsa ta hanyar tsimuwa yake bi.

Saura magana ɗaya mai ɗaci, ga manyanmu masu sayen hatsi. A 1988 gwamnatin Babangida ta hana shigo da tsiron sha'ir daga waje, sai kamfanonin giya suka juyo kan dawa da masara. Daga baya an ɗage hanin, amma dawa ta riga ta samu wurin zama a tukunyarsu, dawar kuwa daga gonakin Arewa take fita, irin namu na Funtuwa, Bakori, Kafur da Malumfashi. Manomin da ya kai buhunsa kasuwa ya sayar bai san inda za shi ba, babu komai a kansa, domin dawa tana zama tuwo, tana zama abincin kaji, tana shiga abin sha marar maye. Amma Alhajin da ya karɓi takardar kwangila ya ga sunan mai saye, ko mai awon da ya san matar da take zuwa duk mako tana zaɓar jar dawa, ya kuma san randunan da ke bayan gidanta, wannan ya sani. Aya ta 2 a Suratul Ma'ida ta hana taimakekeniya a kan saɓo, aya ta 90 da ta 91 kuma ba cewa kawai suka yi kada a sha ba, nisanta aka ce a yi. Hadisin Anas da ke cikin Tirmizi ya lissafa mutum goma da aka la'anta a kan giya, mai sha ɗaya ne kawai a cikinsu, sauran tara masu hidima ne da masu cin kuɗi. Malamanmu na Malikiyya sun hana sayar da inabi ga wanda aka san matsewa zai yi. Canja inabi da dawa bai canja hukunci ba.

Ban rubuta wannan don a je a fasa randar kowa ba. Maƙwabtanmu da ba Musulmi ba suna da haƙƙin maƙwabtaka, abin da ke tsakaninmu da su kira ne da hikima, doka kuwa aikin hukuma ce. Jihar Katsina ta ƙaddamar da Shari'a a shekarar 2000, Hisbar Kano ta murƙushe kwalabe kusan 240,000 a rana ɗaya a 2013, amma babbar mota ba ta iya taka yis. Yana cikin iska, dawa tana cikin rumbu, zafi kuwa kyauta ne. Yaron da ya san abin da yake sha giya ce, akwai ranar da zuciyarsa za ta tuhume shi ya tuba. Wanda aka gaya wa kunu ne, daga me zai tuba? Zai sha da hantsi, ya yi alwala da azahar ya shiga sahu, bai taɓa jin hadisin da ya yi gargaɗin rashin karɓar sallar mashayi ta kwana 40 ya shafe shi ba. Laifin wa ke nan?

Saboda haka ina kira ga mai wannan fatawa, da ladabin da ya dace da shekarunsa, ya koma majalisin da ya faɗe ta ya warware ta da bakinsa, a gaban mutanen da suka ji. In kuwa yana ganin yana kan daidai, shafin nan a buɗe yake gare shi a fitowa ta gaba. Ya kawo mana malami ɗaya daga cikin magabata, da sunan littafi da babi, wanda ya ce abin da ya tashi ya yi kumfa yana sa maye halal ne muddin bai cika kwana uku ba. Za a buga amsarsa yadda ya aiko ta, ba za a rage ko wasali ba.